Sa'ad da Jirgi Ya Shiga Gargada: Wa'azi a Kan Tsoron Tafiya ta Sama



Makonni uku da suka wuce, bayan Misa ta farko, wata dattijuwa daga cikin matan Zumunta ta tsaya tana jirana a gindin darbejiyar da ke ƙofar majami'a. Ta ba ni izinin in ba ku labarinta, muddin ban faɗi sunanta ba. 'Yarta da ke aure a Ingila ta haihu, haihuwar fari, ta aiko mata da kuɗin jirgi, takardun tafiya kuma duk sun fito. Amma tun ranar da aka sa mata ranar tashi barci ya ƙaurace wa idonta. Ta ce mini, "Fada, ni dai a bar ni a ƙasa. Sau ɗaya na taɓa shiga jirgin nan, daga Abuja zuwa Legas, ya yi ta girgiza da mu har na sallama raina." Na ce, "To Mama, jikar taki fa?" Sai ta yi shiru, hawaye ya cika mata ido. Can ta nisa ta yi mini tambayar da ta kawo ta: "Fada, wannan tsoro nawa zunubi ne? Ko kuwa bangaskiyata ce ta gaza?"

Na san ba ita kaɗai ba ce. Akwai waɗanda suka bar damar ziyartar Ƙasa Mai Tsarki ta wuce su, akwai waɗanda likita ya tura asibitin nesa suka yi ta ja da baya, ba don rashin kuɗi ba, sai don fargabar da suke jin kunyar faɗa. Saboda su ne na ga ya dace in maimaita a nan amsar da na ba ta, in kuma faɗaɗa ta.

Da farko, tsoro a kan kansa ba zunubi ba ne. Allah ne ya dasa shi a jikin ɗan Adam domin ya tsare ransa, kamar yadda ya sa zafi a cikin wuta don yaro ya janye hannu. Ubangijinmu da kansa, a daren da aka bashe shi, ya ɗanɗana baƙin ciki da firgita a gonar Jatsaimani, har Luka ya ba da labarin guminsa da ke ɗiga kamar jini. Wanda bai san zunubi ba ya san tsoro. Saboda haka kada kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi a kan abin da jikinsa ke yi ba da yardarsa ba. Ni da nake rubuta muku wannan, ranar da na fara ƙetare hamada cikin dare a jirgin sama, da aka shiga gargada sai na tarar hannuna na riƙe da hannun wani baƙon da ban san ko sunansa ba, ga kuwa rigar firist a jikina. Har yau in na tuna yadda ya dube ni sai in yi dariya.

Kuma tsoron namu a ƙasar nan ba daga banza ya fito ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen Kano ba su manta da ranar 4 ga Mayu 2002 ba, da jirgi ya faɗa a kan gidaje a unguwar Gwammaja. A ranar 10 ga Disamba 2005 jirgin da ya taso daga Abuja ya yi haɗari wajen sauka a Fatakwal, mutum 108 suka rasu, 60 daga cikinsu 'yan makarantar Loyola Jesuit ne da ke komawa gida hutun Kirsimeti, iyayensu na tsaye a filin jirgi suna jiransu. Shekara ba ta cika ba, ranar 29 ga Oktoba 2006, wani jirgin ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido na cikin waɗanda suka rasu. Allah ya ji ƙansu duka. Wanda ya rayu a waɗannan shekaru, in zuciyarsa ta tsinke a bakin matakalar jirgi, ba za a ce da shi matsoraci ba.

Sai dai Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma rabin tsoron gargada daga rashin sani yake. Bari in gaya muku abin da matuƙan jirgi da masana yanayi suka bayyana a kanta, domin hankali ma baiwar Allah ce.

Iskar da jirgi ke tafiya a cikinta ba fanko ba ce. Tana gudana kamar ruwa, tana da igiyoyi da kwaranya da wuraren da take juyawa kamar yadda kogi ke yi a bakin dutse. In rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi takan tashi sama, mai sanyi ta sauko, shi ya sa jirgin tsakar rana a lokacin bazara ya fi na safe girgiza. In iska ta bugi tsaunuka takan yi tozo a bayansu har nesa. A cikin hadarin damina kuwa, iska na hawa da sauka da ƙarfi ƙwarai, don haka matuƙa ke kallon hadarin a na'urarsu tun daga nesa su kewaye shi. Can sama kuma, wajen ƙafa 30,000 zuwa 40,000 inda manyan jirage ke bi, akwai wasu kogunan iska masu tsananin gudu. A gefensu, inda mai sauri ke gogar mai nawa, jirgi kan yi girgiza ko da sararin sama garau yake babu ko ɗigon gajimare. Wannan ce ta fi wuyar hangowa, ita ce kuma takan zo ba sallama.

Abin da ke faruwa ke nan sa'ad da kujera ta motsa a ƙarƙashinka. Ba injin ne ya mutu ba, ba kuma rami jirgin ya faɗa ba, domin babu rami a sama. Kamar mota ce da ta bar kwalta ta shiga burji. Cikinka zai gaya maka kun rufto daga sama zuwa ƙasa, alhali sau da yawa abin da jirgin ya motsa bai kai tsawon hasumiyar majami'armu ba. In ka leƙa taga ka ga fiffike yana lanƙwasa, kada ka ce karyewa zai yi. Haka aka ƙera shi, kamar reshen gora da ke bin iska. Kafin a yarda wani sabon samfurin jirgi ya ɗauki mutane, sai an gwada fukafukansa da nauyin da ya kai ɗaya da rabi na mafi tsananin abin da ake zaton zai gamu da shi a duk rayuwarsa. Hatsarorin Fatakwal da Abuja da na ambata, a dab da ƙasa suka auku, wajen sauka da wajen tashi, cikin muguwar iska mai sauya alƙibla farat ɗaya, kuma bincike ya nuna akwai shawarar da mutane suka yanke a cikin mummunan yanayi. Wannan dabam yake da gargadar da ke zubar maka da shayi a tsakiyar tafiya.

Ba na cewa gargada wasa ce. A ranar 21 ga Mayu 2024 wani jirgin kamfanin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya shiga gargada mai tsanani a sararin ƙasar Myanmar, daidai lokacin da ake raba karin kumallo. Cikin ƙasa da daƙiƙa 5 ya sauka ƙafa 178. Wani dattijo ɗan shekara 73 ya rasu, ana kyautata zaton zuciyarsa ce ta buga, fiye da mutum 100 kuma suka ji rauni. Amma ku lura da abu biyu. Jirgin bai karye ba, ya je ya sauka lafiya a Bangkok. Waɗanda ba su ɗaura bel ba kuwa, su ne iska ta ɗaga ta buga kawunansu da rufin jirgi. Masana a Jami'ar Reading ta Ingila sun kuma nuna a 2023 cewa irin gargadar nan mai tsanani ta sararin da babu gajimare ta ƙaru da kashi 55 cikin ɗari a saman arewacin tekun Atlantika tsakanin 1979 da 2020, suna danganta hakan da ɗumamar yanayi. Ke nan maganar ɗaura bel ba ta tsufa ba.

A nan ina da magana da wasu daga cikinmu, musamman maza. Na ga mai cewa shi ɗan Allah ne, bel ba zai tsare shi ba, jinin Yesu ya ishe shi. Wannan ba bangaskiya ba ce, gwada Allah ne. Ku tuna sa'ad da Shaiɗan ya kai Ubangijinmu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya diro, tunda mala'iku za su tare shi. Har da ayar Zabura ya kafa hujja. Yesu ya ƙi, ya nuna masa cewa ba a jarraba Allah. Wanda ya ba ka mala'ika mai tsaro shi ne ya ba maƙeri hikimar ƙera bel. Ɗaura shi muddin kana zaune, ko fitilar gargaɗi tana kunne ko a kashe, ka ɗaura wa yaron da ke gefenka.

Yanzu bari mu shiga zurfin maganar. Na tambayi Maman nan ta yaya take zuwa ƙauyensu. Ta ce a motar haya, wani lokaci kuma ta ƙarasa a kan babur. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa kan ƙirga fiye da mutum 5,000 da ke mutuwa a hanyoyin Nijeriya a shekara guda, waɗanda aka sani ke nan. Dukanmu mun binne wani da hanya ta ci. Duk da haka mukan shiga motar da tayarta ta suɗe, direba ɗan shekara ashirin yana gudu kamar zai tashi sama, mu kama hira har barci ya ɗauke mu. Jirgin sama kuwa, wanda ya fi mota aminci nesa ba kusa ba, shi ne ke hana mu barci wata guda kafin tafiya. Me ya sa?

A ganina dalilin shi ne, a cikin mota muna ruɗin kanmu cewa al'amarin na hannunmu. Muna ganin hanya, muna iya ce wa direba ya rage gudu, muna iya cewa a tsaya mu sauka. A jirgi kuwa an rufe ƙofa, ba ka ganin matuƙi, ba ka san sunansa ba, ba ka da birki, ba ka da inda za ka sauka. An ƙwace maka linzami ƙarara. Abin da ke firgita mu ba tsawon sama ba ne kaɗai, ganin kanmu ne yadda muke a gaskiya: halittu waɗanda ransu ke hannun wani. Alhali haka muke kullum, ko a kan gadonmu. Wa ke tuƙa zuciyarka sa'ad da kake barci? Jirgi bai ƙirƙiro wannan dogaro ba, tona shi kawai ya yi.

Ku buɗe Bishara ta hannun Markus, ƙarshen sura 4, ku karanta a gida. Yesu ne da kansa ya ce wa almajirai su haye zuwa wancan ƙetaren tafkin Galili. Wato cikin biyayya hadarin ya same su, ba cikin saɓo ba. Tafkin nan yana cikin kwari, fiye da mita 200 ƙasa da doron teku, tuddai sun kewaye shi, iska kan gangaro daga kansu ba zato ta tayar da ruwa. A cikin kwalekwalen kuma akwai masunta na gado, Bitrus da Andarawas da 'ya'yan Zabadi, waɗanda suka girma a kan ruwan. In irin waɗannan suka firgita, to abin ya kai. Yesu kuwa yana can baya yana barci, Markus ne kaɗai ya tuna mana cewa a kan matashi yake. Da suka tashe shi, ba taimako suka fara roƙo ba, zargi suka yi masa, cewa bai damu da hallakarsu ba.

Na daɗe ina tunani a kan abin da ya tsawata musu a kai bayan ya kwantar da iska. Ba na jin laifinsu shi ne bugun zuciya ko jiƙewa da gumi. Laifin shi ne zaton da suka yi cewa shirunsa rashin kula ne. A nan ne tsoro ke iya zama jaraba: sa'ad da ya fara raɗa maka cewa an yashe ka, babu mai ji, babu mai gani. Waliyi Agustin, da yake wa'azi a kan wannan labari, ya koyar da cewa Almasihu yakan zama kamar mai barci a zuciyar wanda ya manta da shi, aikin mai bi kuwa shi ne ya tashe shi ta wurin tunawa. Don haka, Mama, in ji ni gare ta, bangaskiya ba ita ce jikinki ya daina rawa ba. Ita ce ki san da wa kike magana sa'ad da yake rawar.

Akwai wani labarin a Ayyukan Manzanni sura 27 wanda na fi so in ba matafiya, domin ya nuna yadda mai bangaskiya ke zama a cikin jama'ar da ta ruɗe. Ana kai Bulus Roma a ɗaure, mutum 276 a cikin jirgin ruwa. Tun farko ya ba da shawarar kada a tashi a wannan lokaci na shekara, aka ƙi ji. Guguwa ta yi ta watangaririya da su har kwana 14, ba rana ba taurari. Me Bulus ya yi? Ya ƙarfafa musu zuciya. Da ya ga ma'aikatan jirgin na shirin sulalewa a ƙaramin kwalekwale, ya gaya wa jarumin soja cewa in waɗannan suka tafi babu mai tsira. Bai ce addu'arsa ta wadatar ba tare da masu sanin aikin ba. Sa'an nan ya lallashe su su ci abinci, ya ɗauki gurasa ya yi godiya a gaban kowa. Jirgin ya farfashe a gaɓar tsibirin Malta, amma ko rai ɗaya bai salwanta ba. Wannan shi ne Kirista a cikin gargada: yana jin maganar ma'aikatan jirgi, yana cin abincinsa, yana juyawa ya kwantar wa na kusa da shi hankali. Sau da yawa ma, wanda ya shagala da riƙe hannun wani yakan manta da nasa tsoron.

Amma ba zan ruɗe ku ba, domin firist da ya yi wa mutanensa alkawarin da Allah bai yi ba maƙaryaci ne. Ubangiji bai ce duk jirgin da Kirista ya shiga ba zai faɗi ba. Yaran nan 60 na Loyola 'ya'yan addu'a ne, iyayensu kuma sun yi musu addu'a da safiyar ranar. Ba ni da amsar da za ta share hawayen waɗannan iyaye, kuma ina tsoron mutumin da ya ce yana da ita. Abin da Ikilisiya ta riƙe shi ne, babu wani wuri, sama ko ƙasa ko ƙarƙashin teku, da mutum zai faɗa ya fita daga hannun Allah, kuma mutuwa kanta Almasihu ya riga mu shiga cikinta ya fito. Wanda ya karɓi wannan da gaske yana da abin tsayawa a kai ko da mafi munin abin da yake tsoro ya auku.

Shi ya sa shirin tafiya na farko ba akwati ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Je ka yi furci, ka karɓi Jiki Mai Tsarki, ka shirya da ɗan'uwan da kuka yi shekara ba ku gaisa, ka gaya wa iyalinka bashin da ke kanka da wanda kake bi. Na lura da cewa wani ɓangare na abin da muke kira tsoron jirgi, tsoron gamuwa da Allah ne da kaya a ka. Sauke kayan, ka ga ko fargabar ba ta ragu ba.

Sauran shirin mai sauƙi ne. In da hali ka zaɓi jirgin safe, ka nemi kujera daidai fiffike, domin can baya ne girgiza ta fi yawa. Kada ka nemi ƙarfin hali a cikin kwalba. Giya ba ta korar tsoro, jinkirta shi take yi ta ƙara masa ciwon kai. Gaya wa ma'aikaciyar jirgi cewa kana jin tsoro, sun saba, ba za ta yi maka dariya ba. Wanda kuma tsoronsa ya kai ga shaƙewar numfashi da suma, ya ga likita kafin tafiya, wannan ba raina addu'a ba ne. In girgiza ta fara, kafa ƙafafunka a ƙasa, saki kafaɗunka, ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, sa'an nan ka ciro rosari. A 2001 wasu likitoci a Italiya sun auna masu jan rosari da Latin, suka tarar numfashinsu kan sauka zuwa kamar sau 6 a minti ɗaya, bugun zuciyarsu kuma ya daidaita. Kakanninmu mata ba su jira likitocin Italiya ba kafin su san haka.

Kada kuma ku zaci Ikilisiya baƙuwa ce a sararin sama. Tun a 1920, shekara biyar kafin jiragen farko su sauka a Kano, Paparoma Benedict na 15 ya danƙa dukan matafiya ta sama a hannun Uwarmu Maryamu ta Loreto, wadda ake tunawa da ita ranar 10 ga Disamba. Paparoma Bulus na 6 ne ya fara shiga jirgin sama yana kan kujerar Bitrus, da ya ziyarci Ƙasa Mai Tsarki a Janairun 1964. Waliyi Yohanna Bulus na 2 kuwa ya yi tafiya 104 zuwa ƙasashen waje, biyu daga ciki zuwa gare mu, a 1982 da ya zo har Kaduna ya naɗa firistoci, da 1998. Dattawanmu sun tuna yadda yakan durƙusa ya sumbaci ƙasa in ya sauka. Yana yi ne don girmama ƙasar da mutanenta, ko da yake mu matsorata mukan ga wata ma'ana a ciki wadda ta dace da mu ƙwarai.

Maman nan ta zo furci ranar Asabar da ta wuce, ta kuma kawo rosarinta na sa masa albarka. Ta ce har yanzu gabanta na faɗuwa in ta tuna, amma ta ɗinka wa jaririyar riguna uku, ta daka yaji da kuka, tana tambaya ko za a bar ta ta shiga da daddawa. Na ce ta tambayi 'yarta, wannan ya fi ƙarfin ilimin Fada. Ranar Talata mai zuwa za ta tashi daga Abuja da dare. Ina roƙon matan Zumunta su tuna da ita a rosarin yammacin ranar, duk wanda kuma ke da tafiya a gabansa cikin watan nan, ta sama ko ta ƙasa, ya tsaya a gaban bagade bayan Misa ta biyu ranar Lahadi domin karɓar albarkar matafiya.